Kada Ka Turo Amsa, Yaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka ga lafiya ta samu ke nan.

Dalilin wasiƙar nan maganarmu ce ta waya. Na gaya maka kwalejin koyon jinya sun ce sai na ci jarrabawar lissafi kafin ƙarshen zango, in ba haka ba su ba wani gurbina. Kai kuma ka ce in riƙa ɗaukar hoton tambayoyin ina turo maka, ka yi min. Na ce to, don bakina ya yi nauyi, shi ya sa na ɗauki biro.

Ajin da aka sa mu ba irin wanda ka sani ba ne. Ɗaki ne cike da kwamfutoci, ba allo ba bulala, kowa da inda ya kai. An mayar da mu tun daga tarawa da ɗebewa, ni da yaran da a haife na haife su, suna ta ce min Anti. Kwamfutar ba ta gajiya, ba ta tsaki; in ka kuskure sai ta kawo maka wata tambayar irinta. Na daɗe a kan rabawa har kunya ta kama ni, malamarmu ta ce ba tsere ake ba. Rannan na dage cewa ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu, tunda takwas ta fi huɗu. Sai ta tambaye ni a hankali, idan maganin jariri nake aunawa fa.

Yaya, tun muna firamare kai ke zama a damana kana yi min aikin gida, don ba ka son ganin hawayena. Ban taɓa ganin laifinka ba. Jiya da wata tambaya ta cije, ban san lokacin da na waiga dama ba, sai na ga wata yarinya tana taunar biro. Kewarka ta kama ni sosai. Na ja takarda, na zana da'ira, na yi ta yanka ta har amsar ta fito, kuma daidai ce.

A ɗakin marasa lafiya ba za ka zauna a damana ba. Don Allah kada ka turo amsa, addu'a nake so. In na faɗi, ni na faɗi. In na ci, karo na farko ke nan da ni ce na ci.

Ka gaida matarka da Ƙaramin Baba da 'yan biyu. Inna da Baban yara suna gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Auta