Akwatin da Baba ya haɗa ba ya buɗuwa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da Anti da 'yar jaririyarmu. Allah ya ƙara lafiya, ya raya mana ita. Mu ma nan lafiya lau. Umma ta warke daga murar, Baba kuma bayan nasa da sauƙi, sai dai har yanzu likita bai yarda ya koma shagon kafintancin ba. Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san wayar gidan nan a hannun Baba take, kuma da ka kira sai ya buɗe murya kowa ya ji, ni kuwa maganata ba ta kunnensa ba ce.

Yaya, na shiga uku. Malamar kimiyya ta ce kowa ya ƙera abu da hannunsa, uku da suka fi za a tura su ajin fasaha, wanda ka san tun bara nake mafarkinsa. Ni sai na zaɓi abin buga wasan kwamfuta, irin mai sanda ɗaya da manyan maɓallai. Na farke tsohon allon rubutun kwamfutarka, na ciro ɗan allon cikinsa, na jona wayoyi goma sha biyu da dalma, har na ƙona yatsu biyu. A kwalin takalmi na zuba kayan, kuma wallahi ya yi aiki. Ka tura sanda hagu, ɗan mutumin da ke cikin wasan ya yi hagu, ka danna jan maɓalli, ya yi tsalle.

Ranar da Baba ya ga kwalin sai ya ce 'yar kafinta ba za ta kai kwalin takalmi gaban mutane ba yana raye. Mutumin da wata takwas yana kwance yana kallon rufin ɗaki, sai ga shi ya sa an ɗauko masa zarto da guntayen katako zai haɗa min akwati. Kwana shida yana zaune a ƙofar ɗaki yana fiƙa, yana gogewa, har waƙa na ji yana yi. Umma ta leƙo daga kicin tana share ido. Ya sassaƙa furanni a gefe kamar kan gadon da ya yi wa Gwaggo, ya kafa ƙananan madubai huɗu, ni kuma na zana taurari da shuɗin fenti kewaye da maɓallan. Ya yi kyau, ba ƙarya.

To, ka san halin Baba da noti. Cewa yake mai ɗaure akwati da noti bai iya aiki ba. Ina makaranta ya zuba kayana ciki, ya saka katako cikin katako, ya bi da gam, ya rufe ruf. Washegari Malama ta sanar cewa ranar nuni kowa zai buɗe nasa ya bayyana yadda ya jona, wanda bai buɗe ba za a ɗauka saye ya yi. Na roƙe ta, ta ce doka ɗaya ce ga kowa. Aikina duk yana ciki, Yaya. Abin da ido ke gani na Baba ne.

Sau uku ina zuwa in gaya masa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya ɗora akwatin kan kabad ya lulluɓe da ƙyalle, duk wanda ya zo dubiya sai an sauke masa ya danna. Har ya sa Umma ta goge masa farar rigarsa, wai zai je nunin ko da sanda ne. Shekaranjiya da ya shiga wanka na ɗauki wuƙa na zura a kusurwa, ko gezau, sai dai na yi masa tabo. Da ya gani bai tambayi kowa ba. Ya ce laifinsa ne, hannunsa ya fara tsufa, ya ba ni haƙuri. Ya goge wurin, ya ƙara gam, ya dafa kaina ya ce in kwantar da hankali, abin da ya haɗa ba mai buɗe shi. Na shiga bayi na yi kuka har na gode Allah.

Saura kwana goma sha ɗaya. In na fasa akwatin, ban san me zan fasa a jikin Baba ba. In na bar shi, ajin ya wuce ni, kuma a ce na yi ƙarya. Kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka kira shi, amma kada ka ce aikinsa ne bai yi ba. Ka ce masa mutane za su so su ga yadda ya haɗa cikin ma. In ya ɗauki zarton da kansa, na tsira.

Ka gaishe min da Anti, ka sumbaci jaririya. Umma da Gwaggo suna gaishe ku. Baba ma ya gan ni ina rubutu, ya ce in tabbatar na ba ka labarin akwatin. Ga shi na ba ka.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Auta