Turaren wutar da ya fito da mutanen Osaka waje

Rusaifa, Makka.

Zuwa ga Yayata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ban manta da ke ba a Harami ranar Juma'a. Mu nan sai godiya. Maigida Alhaji Mukhtaru yana shagonsa a Misfala, 'yarmu Hadil kuwa ciki ya tsufa, muna jiran ikon Allah. Na rubuto ne in sanar da ke na dawo daga Japan, in kuma faɗa miki inda udun nan, itacen turaren wutar da na yi miki alkawari, ya shiga, kafin ki ji a bakin wani.

Kin san ɗanki Sami yana karatun injiniya a Osaka, shi ya matsa sai na je na ga inda yake. Yaya, ni da nake ganin cunkoson Hajji ya gama nuna mini jama'a, sai ga tashar jirgin ƙasa cike da mutane, amma ba turereniya, ba mai ɗaga murya. A cikin jirgi na kira Alhaji ina ba shi labari da muryata ta Kano, sai na ga Sami yana neman nutsewa a kujera, ashe ba a waya a ciki. Na hau wani dogon bene na leƙo gari, na ga wata tsohuwar fada kewaye da ruwa, na ci kifi har na gaji. Ɗanyen ne dai na ce a kai kasuwa.

Ɗakin Sami bai fi kicin ɗinmu ba, kuma ya sha wuya kafin ya same shi, don ba kowane mai gida ke ba baƙo haya ba. Mai gidan wata tsohuwa ce, Okuda, a ƙasa take zaune, kuma a watan ne za ta ce ya ci gaba da zama ko ya tashi. Ni kuwa tun da na shiga ɗakin raina bai kwanta ba. Tsaf yake, amma ba ƙamshin komai, kamar asibiti. Da ya tafi makaranta sai na sayo gawayi a shagon da yake sayen naman halal, na ciro kaskona, na ɗora udu, na rufe taga don ƙamshi ya kama labule, yadda kowace matar kirki take yi a Makka.

Ban gama zagaya ɗakin ba wani abu a rufi ya fara ihu, gidan duka ya ɗauka. Ashe na'ura ce mai jin hayaƙi. Maƙwabta suka yi ta sauka, wani da jariri, wata da kyanwa a hannu, motar kashe gobara ta iso. Ni ce ƙarshen fitowa, da kasko a hannuna yana ta hayaƙi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ko harare ni, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Da Sami ya dawo bai yi mini faɗa ba, ya dai ce da Larabcinsa mai yiwuwa sai ya fara neman wani ɗaki, ga jarrabawa ta matso. Na ji kunya, na ji tausayinsa ƙwarai. Ya ce a al'adar mutanen ƙasar sai an je wurin mai gidan ba da haƙuri da 'yar tsaraba, a sunkuya sosai. Na ce tsaraba dai akwai dabinon Madina, amma bayana ba ya yin ruku'u sai ga Allah, zan dafa ƙirji in ce ta yafe mini.

Washegari muka sauka da hantsi. Tsohuwar ta buɗe ƙofa fuska ba walwala, Sami yana ta zuba bayani. Na miƙa mata dabino, sai ta bar dabinon ta kama gefen mayafina ta kai hanci. Ta daɗe a haka, har na fara tunanin wani laifin na sake yi. Da ta ɗago sai na ga hawaye. Sami ya fassara mini cewa mijinta ya yi aiki a Jidda suna matasa, wajen injinan tace ruwan teku, kuma duk dawowarsa da wannan ƙamshin yake zuwa a rigunansa. Tun da ya rasu take nema a shagunan turarensu ba ta samu irinsa ba, ba ta ma san sunansa ba. Ta ce ranar da ƙararrawa ta tashi ta ji shi a matakala, ta ɗauka tsufa ne ke yi mata wasa da hankali.

Mun sha shayinsu marar sukari, ta nuna mini hotunansa, ni da ita ba mai jin yaren wata. Na koma sama na kwaso udun duka, har da rabonki, na haɗa mata da mayafin. Ta ce Sami ya zauna har ya gama karatu, sharaɗinta ɗaya, kada uwarsa ta sake kunna gawayi. Yanzu ya saya wa tsohuwar kasko mai aiki da lantarki, kuma ya ce duk Juma'a idan zai fita masallaci yana jin ƙamshin gidanmu a ƙofarta.

To kin ji inda udunki ya tafi, Yaya. Ki yi haƙuri, wani yana nan tafe a hannun Kabira idan ta gama Umara. Ki gaishe mini da Malam Hafizu, da Mujahida da yaranta, da Mudassir. Alhaji da Hadil suna gaishe ki.

Ƙanwarki har kullum,
Rumasa'u