Hannuna Bai Kashe Muku Netwok Ba

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin jigilar kaya da nake yi wa gadi a Wuse,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali da ma'aikata. Ni ne Haruna, maigadinka. Ban yi boko ba, da baki nake faɗa, maƙwabcina na Masaka yake rubutawa, kuma na ce masa kada ya gyara mini ko kalma ɗaya. A fili na sa a rubuta, domin a fili aka ɓata mini suna.

Na farko. Shekara da shekaru, duk ranar da wuta ta ɗauke na tayar da janareta na juya hannun canjoba, wato ƙarfen da ke mayar da wutar ofis kan janareta, sai netwok ɗin ofis ya mutu. Ba a iya buga rasit, direbobi su yi cirko-cirko a bakin get da kaya a mota. Sai a kira Kabiru mai kwamfuta, ya shiga ɗakin sanyi inda injinan kwamfuta suke ya ɗan daddanna, netwok ya dawo, ya fito yana goge hannu yana cewa Baba ne ke fizgar canjoba da ƙarfi. A taron Litinin ya fara faɗar haka, kana zaune kana ji. Daga ranar sunana ya koma Baba Kashe-Netwok. Har mai sayar da shayi na ƙofar gida da shi yake kirana.

Na juya a hankali, ya mutu. Na juya da bisimilla, ya mutu. Da abin ya ishe ni, bara na tsaya a tsakar ofis na rantse da Allah hannuna ba zai sake taɓa ƙarfen nan ba. Aka ce taurin kan tsufa ne. Direbobi suka karɓi aikin juyawa, netwok bai fasa mutuwa ba. Na ce to, yanzu gaskiya ta fito. Sai aka ce ai Baba ya riga ya lalata shi tun tuni. Wanda ake so a kayar, ko a zaune yake sai an ce ya yi tuntuɓe.

Na biyu. A farkon watan nan aka kira ni ofishin ma'aikata aka ce in shirya, ƙarshen wata za a sallame ni, wai kamfani ya gaji da asara. Ban gaya wa iyalina ba. Kullum na hau motar Masaka da wannan magana a raina.

Na uku, kuma nan ne Allah ya kawo sauƙi. Kabiru ya tafi biki Katsina, wuta ta ɗauke, wayarsa ba ta shiga. Aiki ya tsaya cak, dole kuka ɗauko Injiniya Rifkatu daga Kubwa. Ta wuni a ɗakin sanyi. Da la'asar ta fito ta zauna a bencina, ta yi mini bayani da Hausarta ta mutanen Filato, yadda ba wanda ya taɓa yi mini.

Ga abin da na fahimta. Baƙin akwatin nan da kuke kira saba, ashe gidan haya ne. A cikinsa akwai kwamfutoci da ido ba ya gani, ta rasit daban, ta albashi daban, ta kyamarori daban, kowacce da ɗakinta. Ƙofar fita ɗaya ce, wato wayar da ke bayan akwatin. Tsakanin 'yan hayar da ƙofar akwai abin da suke kira gada. Wanda ya haɗa gadar tun farko, da hannu ya haɗa ta, bai ajiye ta inda injin yake tunawa ba. Batirin da ya kamata ya riƙe akwatin kafin janareta ya tashi ya daɗe da mutuwa, saboda haka duk ɗaukewar wuta akwatin ya kwanta, ya farka babu gada. Kabiru sake ɗora ta yake yi kowane zuwa, kamar mai gadar kara a bakin rafi. Ta kuma gano an bar wa 'yan hayar kwatancen tsohuwar hanya, ta lokacin da ba ku canza kamfanin intanet ba, shi ya sa wani lokaci ko da gada sai su ɓata. Duka biyun ta gyara, ta sa aka kawo sabon batir.

Sai ta ce a yi gwaji a gaban kowa, a cire batirin, a yanke wuta, ni in juya canjoba da irin fizgar da ake zargina da ita. Na ce mata ni na rantse. Ta ce: “Baba, in wani ya juya kuma ya yi aiki, za su ce hannunsa ne mai laushi. Sai dai kai.” Ta fi ni gaskiya. Na je na tambayi limamin masallacinmu na bayan kasuwa, ya ce rantsuwar da warware ta ya fi alheri, a warware a yi kaffara.

Ranka ya daɗe, kana tsaye na fizgi ƙarfen nan yadda ban taɓa yi ba, har kafaɗata ta amsa. Akwati ya kwanta ya tashi, ba wanda ya taɓa shi, sai ga rasit yana fitowa. Ta ce in ƙara, na ƙara. Na zauna a kan jarkar dizal ina hamdala. Washegari uwargida ta tuƙa tuwo muka ciyar da mutum goma, sai a ranar na ba ta labarin sallamar. Tun daga nan barci nake yi har da minshari.

Ban riƙe Kabiru a zuci ba. Yaro ne da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa, ya ga tsoho kusa ya jingina a kansa. Kuɗin tuwo ma ban nema ba, tsakanina da Ubangijina ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A riƙa kiran Injiniya Rifkatu tana duba akwatin nan, a kuma bar Kabiru ya koya a wurinta. A gaya mini matsayin sallamata, domin ƙarshen wata ya matso, kowa sai murmushi yake mini, ba wanda ya ce an fasa. Sannan a taron Litinin, inda aka fara kiran sunana, a tashi a faɗa da baki cewa ba ni ba ne.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya tsare motocinka a hanya, ya raba ka da zargin da ba ka ji ba ba ka gani ba. Na daɗe ina tambaya ana wuce ni da mota. Wannan karon ina bakin get, a kan bencina, kuma ni ke buɗe maka ƙofa kowace safiya. Ka sauke gilashi ka amsa mini: ni ne, ko ba ni ba ne?

Wassalam.

Haruna Maigadi