Sanarwar da Na Ƙi Karantawa

Lahadi da dare, Gomari

Yau na tsallake sanarwa ɗaya a coci, kuma da gangan na yi.

Dattijo Bitrus ne ya miƙo mini ita ana cikin waƙa. Wai 'yan gudun hijirar da ke kwana a zauren taro su kwashe tabarminsu kafin Juma'a, domin baƙon mai wa'azi zai zo taron buɗe ƙofofin arziki, manyan baƙi kuma ba za su zauna cikin hayaƙin murhu ba. Na ɗaga kai, sai ga Mama Saratu da jikokinta a bencin gaba. An ƙone ƙauyensu, ina za ta? Na karanta sauran sanarwar, na zauna.

Da aka tashi ya tare ni. "Sakatare, ka manta ɗaya."

"Ban manta ba, Baba. Ga su can ba su watse ba, je ka faɗa musu da kanka."

Bai je ba. Ya ce kwamiti zai zauna a kaina. Su zauna, su naɗa wani. Ba dai da bakina za a kori wanda ya fake a gidan Ubangiji ba.