Dutsen Inna a Tsibiri

Osaka, 12 ga Oktoba

Yaya Tokie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwoyin sun yi sauƙi da sanyin nan da ya soma shigowa.

Na karanta takardarki, kuma maganar nan "ba za ka iya ba" ta ɓata mini rai. Ni Shigeharu? Na bar bakin tafki ina ɗan shekara goma sha biyar, da ƙullin kaya ɗaya da takardar ƙaramar sakandare. Shekara shida ina kwana ƙarƙashin injin wani. Ni na koya wa kaina aikin ƙarfe, na kafa masana'antar noti da ƙusa, yau mutum ashirin da biyu ke ci a ƙarƙashina. Babu wanda ya taɓa miƙo mini ko tsinke.

Kin ce haikalin Buddha na tsibiri ya kafa allon gargaɗi a kabarin Inna tun bara: in babu dangin da ya bayyana kafin ƙarshen wannan wata, za su ɗauke dutsen, su haɗa ƙasusuwanta da na marasa kowa. Inna ba marar kowa ba ce. Ban je jana'izarta ba, na sani, shekara talatin da ɗaya kina tuna mini. Ranar talatin ga wata zan je. Kada ki aiki kowa.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Shigeharu

Sendai, 18 ga Oktoba

Shige,

Ina gaishe ka, mai masana'anta. Gwiwoyi suna nan yadda ka bar su, wato ba ka san yadda suke ba.

Ka biyo ta gidan tsofaffin nan da nake zaune kafin ka hau jirgin ruwa. Akwai abin da wanda bai je jana'iza ba bai sani ba. Da gangan na ƙi rubuta shi, so nake in ga fuskarka kafin in manta ta. Ka tafi da furanni da turare, da wainar wake mai zaƙi da take so.

Ka kula da kanka.
Yayarka, Tokie

Osaka, 3 ga Nuwamba

Yaya Tokie,

Bayan gaisuwa. Ki kwantar da hankalinki tukuna, Inna tana nan inda kuka ajiye ta. Yanzu ki ji yadda aka yi, kuma ban yarda ki yi dariya ba.

Ban biyo ta wajenki ba, na ce me zan tambaya game da uwar da ta haife ni? Na isa bakin tafki ranar talatin, iska ta hana jirgi tashi kwana biyu. Sai ɗaya ga wata muka ƙetara, wa'adi ya cika. A jirgin akwai maza uku da igiyoyi da sandunan ƙarfe. Na raba musu lemo, na tambayi aikinsu. Babbansu ya ce, "Duwatsun marasa kowa za mu kwashe, Baba. Ka ga mu, babu mai kawo mana ƙara."

Yaya, kafin a ɗaure jirgi na dira. Matakala ɗari da sittin, ni mai shekara saba'in, na riga su hawa.

Duwatsu bakwai ke da allo. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu mai sunan Inna, Hanae. Na bi maƙabartar layi-layi, babu. A bayan haikali na ga tulin duwatsun da aka kwashe a shekarun baya, an jera su kamar dala, gansakuka ya rufe rubutunsu. Na koma wajen bakwai ɗin nan, na ɗora hulata a kan ɗaya, na zauna a ƙasa. Idona ya yi ruwa. Iska ce.

Wata tsohuwa mai shara, uwar limamin haikalin, ta tsaya a kaina. Na ce mata iska ce ta shiga idona.

"Wa kake nema, bawan iska?"

Na ce, "Hanae, mai busasshen kifi ta bakin gaɓa. Na makara, an ɗauke ta."

"Kai ne ɗan da ya tafi Osaka ya zama mutum?"

"Ni ne."

"To mutumin Osaka, sunan me aka ba ta ranar jana'iza?"

Ni da na san ana raɗa wa mamaci sabon suna, shi ake sassaƙawa a dutse, ban taɓa tambayar na Inna ba.

Ta ce, "Hanae ai sunan kasuwa ne, a can ta bar shi. A nan Seigetsu take. Ɗauke hularka daga kan uwarka."

Ina ɗauke hular mazan nan suka iso suna haki. Na tsaya gaban dutsen na ce, "Wannan da mai shi." Babbansu ya ce, "Ashe lemon cin hanci ka ba mu, Baba!"

Na ɗebo ruwa na wanke dutsen, na cire allon da hannuna, na kunna turare, na ajiye wainar. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Rabon da in ji ƙirjina sakayau haka tun ina yaro. Sauran shidan an kwashe su a gabana.

Zan zo Sendai ranar Lahadi. Ba don kin ce ba.

Ƙanenki, Shigeharu

Osaka, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga limamin haikalin tsibiri,

Gaisuwa da girmamawa, a miƙa godiyata ga mahaifiyarka.

Jirgi ya tashi da ni kafin ka fito daga karatu, shi ya sa nake rubutowa. A littafinku, gaban sunan Seigetsu, an bar wurin mai kula da kabari babu kowa. A cike shi. A rubuta Kuwahara Shigeharu, ɗanta. Ba mai masana'anta ba, ɗanta. A rubuta da tawada mai kauri, kuma in na zo da bazara zan nemi a nuna mini.

Naka cikin girmamawa,
Kuwahara Shigeharu