Halshen saniya a wurin alwalar Baba

Ibohaman, 1984

Zuwa ga yayana Yusufu a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya tsare ka a ƙasar mutane. Baba yana nan, tsufa ya ƙara kama shi. Matarka Furera tana tashi tana zama. Sauran labari kuwa, nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Damina ta yaudare mu. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Nonon Furera ya ƙafe don yunwa, sai 'yarka Jima, wadda ka tafi tana ciki, ta koma shan nonon jar akuyar nan tamu mai ɓarna. Ita kaɗai ta rage a garke, kuma daji ba ko tsinke.

Ka tuna halshen saniya, ciyawar nan mai jan kara da ganye mai kauri cike da ruwa, da ke shimfiɗe a bayan ɗaki inda Baba ke alwala? Ita ce kullum yake tumɓukewa yana yi mata faɗa, ya jefa bisa dutse, ta ƙi mutuwa. Marigayiya Inna ce kawai ke ganin darajarta: ta kwaɗa mana da ƙuli-ƙuli, ta daka ta ɗaura maka a maruru kana ihu kamar ana yanka ka. To, bana ita ce kaɗai ɗanyen abu a gidanmu. Muka hana bakinmu, muka bar wa akuya, akuya ta ba Jima. Baba da kansa ya kewaye wurin da ƙaya, yana matsawa nan da can in zai yi alwala don kowane reshe ya samu ɗigo. Na tsokane shi na ce ashe an shirya da abokiyar gaba, ya ce in rufe masa baki.

Sai rijiyar unguwa ta ƙafe. Muka koma ɗebo ruwa daga nesa, tulu ɗaya na gida duka. Liman ya ce a riƙa yin taimama, ruwa na sha ne. Daga nan ciyawar ta fara yaushi. Na kama Baba yana juye mata rabonsa na sha a ɓoye, leɓensa duk ya tsage. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, ya ce shi ya sha nasa ruwan duniya, a bar yarinya ta sha nata. Bai isa ba, Yaya. Ganyen ya ƙare, akuya ta daina ba da nono. Muka gwada ba Jima kunu, cikinta ya ƙi riƙewa. Muka kai ta likita, aka ba mu magani, amma ba magani take nema ba.

Jima ta rasu a bayana, ina goye da ita. Allah ya sa mai ceto ce. Ka ce in kula da ita har ka dawo, na kasa, kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ban ga abin da ya rage mana a garin nan ba.

A bayan ɗakin muka yi wa Jima wankan gawa, da ruwan da maƙwabta suka tara mana. Ba a daɗe ba ciyawar ta sake tsirowa a wurin, kore shar, har da 'yan furanni rawaya. Muna kwana da yunwa, amma ba wanda ya iya kai hannu. Baba ya daina bi ta nan.

Furera na gaishe ka, ta ce ba ta da magana. Maƙwabtanmu Dodo da Sabuwa suna yi maka ta'aziyya. Ka gaida abokinka Alhassan da duk 'yan ƙasarmu ta Adar da ke wurinku. 'Yar rigar da ka ce ka saya mata, ka ba mai 'ya a can.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Zinariya