Rigar Winifred a Jikin 'Yar Wani

Mubi,
14 ga Fabrairu, 2016.

Zuwa ga maigidana, Baban Winifred,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin gadi, yaya ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Ƙafar nan taka ta daina kumbura? Mu nan lafiya lau. Mama a Betso ta samu sauƙi har ta fara fita wajen awakinta, ta ce in gaishe ka.

Saƙonka ya iso ta hannun Tizhe, direban tirelar shanu, kuma ta hannunsa zan mayar maka da wannan. Na zaɓi in rubuta ne domin idan na fara maganar nan a waya ihu zan yi, kai kuma ka ce mini in yi haƙuri, mu rabu ba ka ji komai ba.

Takardar da ka rubuta wa Winifred da Turanci na miƙa mata a gaban maƙwabciyarmu Nafisatu, ina ta washe baki, na ce 'yar aji biyar za ta karanta mana wasiƙar babanta. Ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo. Kalmar farko ta faɗa, daga nan ta tsaya. Na ce ko kunya ce. Da Nafisatu ta tafi na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa na buɗe mata, nan ma shiru. Baban Winifred, yarinyar nan ba ta iya karatu ba. Sunanta kawai take ganewa. Shekararta goma sha ɗaya, kuma katin sakamakon da na aiko maka a Disamba ya ce ta huɗu ta zo a aji.

Littattafanta cike suke da rubutu mai kyau. Ashe zane take yi, yadda nake kwafar samfurin ɗinki. Ta ce malaminsu yakan cika allo da safe, ya ce su kwafa, ya hau babur ya tafi. Na bincika inda yake zuwa. Makarantar kuɗi ce ta matar hedimasta, can bayan gidan mai. Malaman gwamnati huɗu ke koyarwa a can, namu yaran kuma suna share fili suna ɗebo wa gidan hedimasta ruwa.

Na je wurin hedimastan. Ka san shi, Mista Kwaji, dattijon ekilisiyarmu, mai riƙe farantin karɓar baiko ranar Lahadi. Ya ba ni kujera, ya kira ni 'yar'uwa. Ya ce gudun da muka yi a 2014 ne ya rikita ƙwaƙwalwar yara, kuma masu duba makarantu sun zo zangon da ya wuce sun yaba musu ƙwarai. Na ce ai da mu da 'ya'yansa dutse ɗaya muka hau muka tsallaka Kamaru, ban ga nasa sun rikice ba. Sai ya yi murmushi ya ce wani yaron kansa ne haka, gado ne, ya tambaye ni aji nawa na kai a makaranta.

Aji uku na kai, ya sani sarai. Amma da aji ukun nan da karatun da na ƙara a Zumuntar Mata ta coci nake rubuta maka wannan wasiƙa, 'yar ajinsa biyar kuwa ba za ta iya karanta ta ba. Na tashi na fito daga ofishinsa. Ban yafe masa ba, kuma kada ka rubuto ka ce in yafe.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Taka,
Rut

Mubi,
20 ga Maris, 2016.

Baban Winifred,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zazzaɓin ya sake ka. Na ji daɗin muryarka ranar Talata, ko da yake shawararka ban ji daɗinta ba. Ka ce in cire yarinyar in kai ta makarantar kuɗi, in bar Kwaji da Allah. Wace makarantar kuɗin ce kusa da mu in ba ta matarsa ba? Ya kashe wannan, in ɗauki 'yata in kai masa waccan ina godiya? Ka karanta abin da ya faru tukuna.

Ranar Laraba Winifred ta dawo ta ce hedimasta ya ce gobe su aiko da rigunan makarantarsu a leda, su kuma su zauna a gida, wai za a ɗinka musu baji. Su ashirin da wani abu aka zaɓa a ajinsu, har da 'ya'yan Nafisatu biyu. Ta ce haka aka yi wancan zangon ma, lokacin da na je jinyar Mama. Ni tela ce, na san baji ba ya hana yaro zuwa makaranta. Na aika da rigar, amma ranar Alhamis da hantsi na ɗauki ɗinkin wata mata kamar zan kai mata, na bi ta bayan azuzuwa.

Farar motar ofishin ilimi tana gindin dalbejiya. Na leƙa ta tagar aji biyar, wadda ba ta da marfi tun da 'yan bindiga suka zauna a makarantar. Abin da na fara gani bencinan cocinmu ne, a jere, a ajin da yaranmu ke zama kan bulo. Malamai duk sun hallara, har da wanda Winifred ba ta taɓa gani ba. Yara kuwa ga su nan da safa da takalma, kumatu sumul, suna ɗaga hannu suna zuba Turanci. 'Yan makarantar matarsa ne ya kwaso, ya sa musu rigunan 'ya'yanmu.

A layin gaba na ga rigar Winifred. Ba zan kasa gane ɗinkina ba ko a kasuwar Mubi ranar Laraba. Na sauke mata kalmasa da koren zare domin shuɗin ya ƙare mini, aljihun kuma a hagu na sa shi tun da 'yarka bahaguwa ce. Mai dubawar, wata mata mai tabarau da ake kira Malama Hapsatu, ta ɗauki rajista tana kiran suna. Da ta ce Winifred Nehemiah, sai yarinyar nan ta miƙe ta amsa. Aka ba ta littafi, ta karanta shafi guda ba gargada. Malama Hapsatu ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Kwaji yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu a baya.

A takardar gwamnati 'yarmu ta iya karatu. A lokacin tana gida tana tsince mini wake.

Na so in faɗa ajin in yaga rigar daga jikin yarinyar, amma na danne. Da na yi haka da ya ce mahaukaciya ce, a fitar da ni, kuma a yarda da shi. Ranar Juma'a rigar ta dawo babu baji, tana ƙanshin man shafawar gidan wasu. Sau biyu na wanke ta a rafi.

Ranar Lahadi bencinan sun koma coci, na zauna a kan ɗaya, ya zo da farantinsa ya tsaya a gabana yana rera waƙa. Allah ya gafarta mini, abin da ke zuciyata a lokacin ba na sujada ba ne. Na ji cewa Malama Hapsatu za ta dawo a watan Mayu, domin akwai wata ƙungiya da za ta gyara makarantun da aka yaba. Ni da Nafisatu mun fara bin gidajen iyayen yaran da ake korowa. So nake ya tsaya a gaban mutane ya rasa inda zai sa fuskarsa, yadda na rasa inda zan sa tawa a ofishinsa.

Winifred tana gaishe ka. Na fara koya mata baƙaƙe da yamma, amma ba ni da haƙurin koyarwa, kullum da kuka muke tashi.

Taka,
Rut

Mubi,
15 ga Mayu, 2016.

Maigidana,

Ina gaishe ka da murna. Ina fata kana lafiya. An yi ruwa biyu masu kyau, mutanen Betso sun fara shuka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

An sake karɓar riguna ranar Laraba. Wannan karon wai za a gwada su ne don a kawo sababbi. Muka bayar ba musu. Ranar Alhamis muka taru a ƙofar shagona, iyaye mata tara da yara goma sha bakwai, kowa da kayan gida. Maza biyu sun yi alkawarin zuwa, ba mu ga ƙeyarsu ba. Muka jira sai da motar ta tsaya, aka shiga aji biyar, sannan muka doshi makarantar. Mai gadi ya so ya hana mu, Nafisatu ta ce masa ko ya matsa ko ta faɗi wa matarsa inda yake cin ƙosai kyauta, ya matsa.

Mun shiga daidai ana kiran suna. Na tsaya da yaran a jikin bango. Kwaji ya taho da sauri yana raɗa mini cewa in fita mu yi magana a ofis kamar 'yan'uwa cikin Almasihu. Ko kallonsa ban yi ba. Da Malama Hapsatu ta kira Winifred Nehemiah, yara biyu suka amsa. Ta cire tabarau ta dube su. Ta kira suna na gaba, nan ma biyu. Sai na matsa na kama kalmasar rigar na juya mata koren zaren, na nuna mata aljihun hagu, na ce ta ba yarinyar alli ta ga da wane hannu za ta karɓa. Da dama ta karɓa. Malama Hapsatu ta tambaye ta sunanta na gaskiya a hankali, yarinyar ta fashe da kuka ta ce Susanna.

Baban Winifred, da ka ga Kwaji. Gumi har cikin kwalar rigarsa. Ya ce kuskure ne, ya ce yaran ziyara suka kawo, ya ce shi bai ma sani ba, malamin aji ne. Malamin ajin kuma ya ce ƙarya yake. Malama Hapsatu ta rufe rajistar ta ce ta ga abin da ya ishe ta, mu koma gida.

Ni bai ishe ni ba. Maganar gadon nan da ya yi mini ban manta da ita ba. Na jawo hannun Winifred na kai ta gaban allo, na ce Malama ta ga abin da shekara biyar a hannun mutumin nan ta haifar. Malama Hapsatu ta ce, “Maman yarinya, bar shi haka, ya isa.” Na ce a'a, sai ta karanta. Na nuna mata layin farko na ce ta karanta da ƙarfi kowa ya ji.

Ta tsaya. Ban san minti nawa ba. Aji ya yi tsit, sai can wani daga cikin yaran aron ya karanta layin daga inda yake zaune, sauran suka kwashe da dariya. Na juya na dubi Kwaji na ce masa ga aikinsa nan, ya karɓa.

Washegari takarda ta fito daga ofishin ilimi, an dakatar da shi, an kira malamai huɗun nan su yi bayani. Yau a coci wani ne ya riƙe faranti. Matarsa ta wuce ni ba gaisuwa, na bi ta da sannu har sau biyu. Tun da muka dawo daga gudu ban ci abinci ya yi mini daɗi kamar na yau ba.

Winifred dai ba ta jin daɗin jikinta, tun ranar Alhamis ba ta cin abin kirki. Ina jin zazzaɓin farkon damina ne.

Taka mai nasara,
Rut

Mubi,
12 ga Yuni, 2016.

Baban Winifred,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya. Na san ka ji shiru, Tizhe ya zo sau biyu na ce masa babu saƙo.

An kawo sabuwar shugabar makaranta, Malama Margret, daga wajen Sahuda. Mace ce mai zafi, ƙarfe bakwai da rabi take rufe rajistar malamai. Ta raba 'yan aji biyar da shida gida biyu, ta mayar da waɗanda ba su iya ba kan baƙaƙe, ita da kanta take koya musu. 'Ya'yan Nafisatu sun fara haɗa kalmomi. Iyaye suna tsayawa a shagona suna yi mini godiya. An ce Kwaji ya koma ƙauyensu. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na ji ba.

Winifred ba zazzaɓi take yi ba. Tun ranar nan ba ta sake taka makarantar ba. Na lallashe ta, na yi faɗa, na ɗauki bulala na ajiye. Malama Margret ta zo har gida, yarinyar ta shige bayan buhunan masara ta ƙi fitowa. Ko aike ba ta zuwa ta hanyar gidan mai, domin yaran can suna ganinta suke fara karanta layin nan da ƙarfi. A makarantar Lahadi ma an yi mata.

Ranar Litinin ta ce in kai ta Betso wurin Mama, za ta riƙa yi mata kiwo da noma. Na ce karatun fa, yanzu da aka samu mai koyarwa? Na ce duk abin da na yi don ita na yi. Sai ta ce, “Mama, ai kin sani ban iya ba. Malama ta ce ki bari. Me ya sa kika ce in karanta?”

Na buɗe baki in ce don a gyara makarantar ne, na kasa, domin an riga an gama da Kwaji kafin in kai ta gaban allon. Ita ma ta san haka, tana wurin.

Jiya na ɗora ta a babur zuwa Betso. Ta gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa, ba ta waiwayo ba. Mama ta ce in bar ta ta huce. Watanni uku suka rage a shiga aji shida, kuma ni ba za ta saurare ni ba. Ka nemi izini wurin aiki ka zo ko na mako ɗaya ne, ka je Betso ka yi mata magana, wataƙila kai ta ji taka. Idan ta tambaye ka abin da ta tambaye ni, kada ka kare ni.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Rut